Jif mai jan taya huɗu: gwanar taɓo ce, ba sulken kwalta ba

A watan Oktoban 2023, da labari ya fito cewa za a saya wa 'yan Majalisar Tarayya manyan motocin jif, kowace ana ƙiyasta kuɗinta kusan naira miliyan 160, hujjar da masu kare sayen suka fi nanatawa ita ce hanyoyinmu sun lalace, ƙaramar mota ba za ta jure ba. An yi ta cece-kuce a kan kuɗin har ƙura ta lafa. Abin da bai lafa ba shi ne tunanin da hujjar ta ƙara dasawa a zukatan jama'a, wai babbar mota mai jan taya huɗu maganin kowace hanya ce, kuma wanda ke cikinta ya fi kowa tsira. Haka ake faɗa a majalisar unguwa, haka ake faɗa wajen dillalai, da wannan imanin kuma ake zuba kuɗi.

Duk wanda ya taɓa raka wani karɓo sabuwar Prado ko Hilux ya san yadda ranar take. Leda na nan a kujeru, ƙamshin sabunta ya cika ciki, dila ya miƙo makulli da hannu biyu yana cewa, "Ranka ya daɗe, wannan babu inda ba za ta shiga ba." A yi addu'a a shafa. Mai mota ya hau, ya ga yana hango rufin ƙananan motoci daga sama, ƙarar waje ta ɗauke. Yana fita babban titi ya dubi allon gudu ya ga 120, alhali a jikinsa ji yake kamar 80 yake yi. Littafin motar kuwa yana aljihun gaba cikin ledarsa, nan zai kwana har ranar da za a sayar da ita.

Sunan da motocin nan suka yi ba na banza ba ne. Land Cruiser ta samo asali tun 1951, Hilux ta fito a 1968. A 1987 sojojin Chadi suka hau a-kori-kura ƙirar Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Direbobin da ke bin hamada daga Agadas zuwa Dirku ba su da abin dogaro kamarsu. Sai dai duk wannan suna a yashi da taɓo da duwatsu aka same shi. Ba a same shi da sheƙa gudu a kwalta ba.

Jan taya huɗu aikinsa ɗaya ne: raba ƙarfin inji ga tayoyin gaba da na baya, don in biyu sun rasa abin kamawa, biyun su fitar da motar. Wato taimakonsa wajen tashi da tafiya ne. Wajen tsayawa ba ya ƙara komai, domin kowace mota, har tsohuwar Golf ta haya, tana da birki a tayoyinta huɗu. Abin da jif ta fi ƙaramar mota shi ne nauyi. Hilux mai ƙofa huɗu ta kai tan 2, Land Cruiser 300 kusan tan 2 da rabi, Corolla kuwa ba ta kai tan 1 da rabi ba. Duk wannan nauyi tayoyi ne za su tsayar da shi, kuma abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai wuce faɗin tafin hannu da yawa ba. In tayar mai manyan haƙora ce ta shiga daji, riƙonta a jiƙaƙƙiyar kwalta ya gaza na tayar gari. Gudu kuma in ya ninka, nisan da birki ke buƙata ninki huɗu yake yi.

Tsayin da ke burge mai saye shi ne kuma rauninta a kwana. Nauyinta a sama yake, don haka kaucewar gaggawa na iya ɗaga ta. A 2016 mujallar motoci ta Teknikens Värld da ke Suwidin ta yi wa sabuwar Hilux gwajin kauce wa dabbar da ta faɗo titi ba zato. A gudun kusan kilomita 60 kacal, tayoyin gefe guda suka bar ƙasa, saura ƙiris ta kife. Daga baya kamfanin ya gyara saitin na'urar da ke daidaita motar. A nan gida, saniya ce ko ɗan acaɓa zai faɗo maka, kuma ba a 60 yawancinmu ke tafiya ba.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na maɓallin nan na zaɓen jan taya biyu ko huɗu, mai H2 da H4 da L4. Direbobi da yawa suna murɗa shi zuwa H4 a kan busasshiyar kwalta, wai don mota ta ƙara ƙarfi ta kama titi. Ku lura da amalanken shanu in ya zo kwana: shanun sai sun yi zagaye mai faɗi, tayoyin amalanken kuwa su yanke ta ciki. Haka mota take, tayoyin gaba sun fi na baya cin nisa a kowace kwana, don haka dole su fi su saurin juyawa. A Hilux, da ka sa H4 ka ɗaure aksul na gaba da na baya, ka tilasta musu juyawa daidai wa daida. A yashi ko taɓo ba matsala, taya za ta ɗan zame ta sauke bambancin. A busasshiyar kwalta ba wurin zamewa, sai ƙarfin ya taru a ƙarafa. Sitiyari ya yi tauri, motar ta riƙa turjewa a kwana, tayoyi su cinye, maɓallin ya ƙi komawa H2, in an daɗe a haka a gangara wajen bakanike ana zagin kamfani. Prado da Land Cruiser 300 nasu tsarin daban ne, kullum da taya huɗu suke ja, domin akwai na'ura a tsakiya da ke ba gaba da baya damar bambanta gudu. Su ma in ka danna maɓallin kulle wannan na'ura a kwalta, ciwon ɗaya ne. L4 kuwa na hawan tudu ne da fita daga kafewa a hankali, kuma sai an tsaya cak ake sa shi.

Sai ruwa. Duk damina ana ganin mai jif ya kutsa inda kowa ya ja birki. Iyakar zurfin da Toyota ta faɗa wa Hilux ta yanzu santimita 70 ne, a kwantaccen ruwa, a tafiyar sannu. Ruwa mai gudu lissafinsa daban: hukumar hasashen yanayi ta Amurka na gargaɗin cewa santimita 60 ya isa ya tafi da jif. Inji kuma in ya shaƙi ruwa ta hanyar iska, ƙarafan cikinsa lanƙwashewa suke yi.

Wanda ya je karɓo sabuwa, kafin ya fita daga harabar dila, ya sa a auna iskar taya a gabansa. Sababbin motoci kan zo da iska fiye da ƙima saboda zaman jirgi da ajiya, kuma ba kowane dila ne ke ragewa ba. Adadin da ya dace yana manne a jikin ƙofar direba, ba a bakin mai faci ba. Ya sa a nuna masa irin tsarin jan motarsa, shi da direbansa tare. In Hilux ta riƙa tsalle ba kaya, ba lalacewa ba ce, bayanta don ɗaukar kaya aka ƙera shi. A kilomita 1,000 na farko ya guji matsanancin gudu da take totur farat ɗaya, kamar yadda littafin ya ce.

Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta ƙayyade wa motocin gida kilomita 100 a manyan tituna masu hannu biyu, 50 a cikin gari, ba ta ware jif ba. Amma ayarin manya da jiniyarsu su ne kan gaba wajen take wannan doka, matasan direbobi kuma daga nan suke ɗaukar darasi. Ramin da jif ɗin mai girma ta tsallake yana nan yana jiran motar haya mai ɗauke da mutum goma. Wanda Allah ya hore wa babbar mota ya buɗe littafinta, ya ɗaura bel, ya sassauta ƙafa. Waɗanda muka zaɓa kuma su gyara hanyar.