Hattara: An Taɓa Sayar da Hasumiyar Eiffel ga Ɗan Gwangwan

A shekarar 1925 wasu manyan dillalan tsofaffin ƙarafa na birnin Paris, irin waɗanda mu a nan muke kira 'yan gwangwan, suka sami takardar gayyata mai tambarin gwamnati. An kira su otal ɗin Crillon, masaukin sarakuna da attajirai. Wanda ya tarbe su ya sha kwat, ga fara'a, ga iya lauje harshe. Ya ce shi mataimakin babban darakta ne a ma'aikatar gidan waya da tangaraho. Bayan an ci an sha sai ya rage murya ya ce gwamnati ta gaji da ɗawainiyar Hasumiyar Eiffel, ta yanke shawarar rushe ta a sayar da ƙarfen ga wanda tayinsa ya fi tsoka. Sharaɗi ɗaya ne, kada maganar ta fita daga ɗakin nan, domin idan jama'a suka ji za a yi bore.

Sunan mutumin Victor Lustig, haifaffen yankin Bohemia, ba shi da ko kujera a gwamnatin Faransa. Takardar ma buga ta aka yi masa.

Mai karatu zai ce wane irin wawa ne zai yarda da wannan? A yi haƙuri, ba wawaye ba ne, 'yan kasuwa ne da suka san kan kuɗi. Lustig ya gina ƙaryarsa ne a kan gaskiya. An kammala hasumiyar a 1889 domin bajekolin duniya da aka shirya na cikar juyin juya halin Faransa shekara ɗari. Tun ana cikin aikin, fitattun marubuta da masu zane na birnin suka sa hannu a takardar ƙorafi cewa wannan tarin ƙarfe zai ɓata wa Paris fuska. Izinin da aka ba kamfanin Gustave Eiffel da ya gina ta na shekara ashirin ne, wato da an bi tsarin farko da a 1909 an soma kwance ta. Amfaninta wajen aika saƙonnin rediyo ne ya cece ta. Ga kuma fenti, kusan tan 60 duk bayan shekara bakwai, saboda tsatsa. A lokacin jaridu na kawo batun tsadar gyaranta, kuma a nan Lustig ya tsinci dabararsa. Ga ɗan gwangwan kuwa, ƙarfe sama da tan 7,000 ba abin da za a kau da kai ba ne.

Cikin dillalan, Lustig ya ɗora ido a kan wani mai suna André Poisson, wanda yake neman sunan da zai shigar da shi sahun manyan 'yan kasuwar birnin. Wurin da ya fi ɗaure mini kai a labarin shi ne yadda aka kashe masa shakka. Da Poisson ya fara jan ƙafa, yana mamakin wannan sauri da rufa-rufa, sai Lustig ya keɓe da shi, ya marairaice, ya ce albashin ma'aikaci ba ya kai shi ko'ina, in da hali a ɗan ba shi na goro ya tabbatar kwangilar ta faɗo hannunsa. Nan take hankalin Poisson ya kwanta. A ganinsa, tunda ya nemi cin hanci, lallai jami'in gwamnati ne na gaske. Ya biya kuɗin hasumiya, ya biya toshiyar baki. Lustig ya hau jirgin ƙasa sai Vienna.

Ya zauna can yana bin jaridun Paris, yana jiran ya ga sunansa. Shiru. Kunya ta hana Poisson zuwa wurin 'yan sanda. Wannan shirun ne ya ba Lustig ƙarfin gwiwar komawa ya sake tara wasu dillalan da wannan tatsuniya. A karo na biyu an kai ƙara, ya tsere Amurka, inda daga baya aka kama shi da laifin buga jabun kuɗi a 1935. Ya yi zaman kurkukun Alcatraz, ya mutu yana fursuna a 1947.

Ba shi kaɗai ba ne. A New York an yi George C. Parker, wanda ya riƙa sayar wa baƙin da suka sauka daga jirgin ruwa gadar Brooklyn, yana ce musu za su yi arziki da kuɗin fito. Har sai 'yan sanda sun zo sun kori mai saye yana ƙoƙarin kafa shingen karɓar kuɗi. An yanke masa ɗaurin rai da rai a 1928.

Amma wanda ya fi kusa da mu, mu da muka tashi da finafinan Indiya, shi ne Natwarlal. Sunansa na yanka Mithilesh Kumar Srivastava, ɗan jihar Bihar. Indiyawa suna ba da labarin cewa ya sayar da Taj Mahal, kabarin marmara da Sarki Shah Jahan ya gina a Agra don matarsa Mumtaz Mahal wadda ta rasu a 1631, har ma da ginin majalisar dokokin ƙasar. Ya sha tserewa daga gidan yari. Sunansa aka ara wa fim ɗin Amitabh Bachchan na 1979, Mr. Natwarlal. A fim ɗin Bunty Aur Babli na 2005 kuwa, Abhishek Bachchan da Rani Mukerji sun sayar wa wani Bature Taj Mahal, mu kuma muna gaban talabijin muna ƙyaƙyata dariya muna yaba wayonsu. Fim ba ya nuna daren da wanda aka cuta ya kwana bai runtsa ba. Ɗan damfara ake sa wa kiɗa da waƙa, shi ya sa yaranmu da yawa suke kallon zamba a matsayin iya taku.

Ba wai ba a taɓa sayar da shahararren gini da gaske ba. A 1968 hukumar birnin Landan ta sayar da tsohuwar Gadar Landan ga attajirin Amurka Robert McCulloch a kan dala 2,460,000. Aka sa wa duwatsunta lamba, aka yi jigilarsu, aka sake harhaɗa ta a Lake Havasu da ke jihar Arizona, aka buɗe a 1971. Sai dai wannan ciniki a fili aka yi shi, hukuma ce ta sa gadar a kasuwa, duniya ta sani. Ba wanda aka ja gefe aka ce masa ya yi shiru.

To, ku zagaya unguwanninmu ku karanta bango. Rubutun nan na jan fenti da ke gargaɗin cewa gidan ba na sayarwa ba ne, ba don ado aka yi shi ba. Jikokin Lustig suna nan, sun bar hasumiya sun koma filaye da gidaje da kujerun Hajji da takardun ɗaukar aiki. Salon bai canja ba. Za a kai ka bakin fili da yamma, a nuna maka iyaka da ƙafa, a zaro takarda mai hatimi daga aljihun babbar riga. Kana cikin dubawa wayar dillali za ta yi ƙara, ya juya baya ya amsa, ya dawo ya ce, "Alhaji, wallahi wancan mutumin yana hanya da kuɗinsa, don dai kai namu ne." In ka ce za ka je ma'aikatar filaye ka bincika, sai a ce ai na wani babba ne, ba ya so a san yana sayarwa. Wani ma ya ce a ba shi ɗan wani abu zai fitar maka da takardar shaidar mallaka ta bayan fage, kai kuma ka ɗauka hanya ka samu.

Duk cinikin da aka ce kada ka gaya wa kowa, to gaya wa kowa. Ka je wurin mai unguwa, ka tambayi maƙwabtan filin, ka kai lambar takardar ma'aikatar filaye a duba maka sunan da ke cikin fayil. In gado ne, ka ga magada ido da ido, ba wakilinsu kaɗai ba. Kada kuɗi su bar hannunka sai gaban shaidu da rubutu. Mai abu na gaskiya ba ya jin haushin kwana uku na bincike.

In kuma an riga an yi maka, don Allah kada ka yi irin ta Poisson. Ka haɗiye kunyar ka kai ƙara wurin 'yan sanda, ka kuma faɗa wa mutanen unguwa, domin wanda ya cuce ka yana can yana jira ya ji ko ka yi shiru ya sake sayar da filin ga wani.