Dabbar Anbar, Mai Shaƙar Iska da ke Kiwo Cikin Duhun Teku

 Ya ku ƴan uwa, mu mutanen tudu ne. Da yawa daga cikinmu za su tsufa ba su taɓa ganin teku ba. Ruwan da muka sani shi ne na rijiya da na tabki da na gulbi idan damina ta yi kyau, in banda mutanen Yamai da Gaya da su ke kwana su tashi da kogi. Amma akwai wata dabba ta teku wadda sunanta ya daɗe a bakinmu: almajirai suna karanta shi a littattafan hadisi, mata suna jin sa wurin masu sayar da turare, alhali kaɗan ne suka san kamanninta. Ita ce anbar.

Buhari da Muslimu sun kawo daga Jabiru ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika rundunar mutum 300 wajen gaɓar teku, Abu Ubaida ɗan Jarrahu yana shugabantar su. Guzuri ya yi ƙasa har aka koma raba dabino ɗaya ɗaya, shi ma ya ƙare, suka shiga cin ganyen itace. Ana cikin haka teku ya jefo musu matacciyar dabba mai kama da tudu, wadda a ke kira anbar. Suka yi rabin wata suna cin namanta, suna shafa kitsenta, har jikinsu ya dawo. Abu Ubaida ya sa aka kafa ƙashin haƙarƙarinta, dogon mutum bisa raƙumi ya wuce ta ƙarƙashi bai taɓa shi ba. Wannan labari yana cikin hujjojin da malamai suka kafa a kan halaccin mushen teku, kuma a kan haka mazhabar Malikiyya ta ke. Larabawa kuwa har gobe suna da wata babbar dabba ta teku da su ke kira hutul anbar, Faransawa su ce mata kashalo. A kanta za mu tsaya.

Abu na farko, ko da harshe ya saba ce mata kifi, ba kifi ba ce. Huhu gare ta, iska ta ke shaƙa, jininta mai ɗumi ne, tana haihuwa kuma tana shayarwa. Wanda ya san ayu na kogin Isa ya riga ya fahimci wannan, don shi ma a ruwa ya ke zaune amma dole ya ɗago hanci. Idan aka hana dabbar anbar fitowa saman ruwa, nutsewa za ta yi ta mutu kamar yadda mutum zai mutu. Babban namijinta ya kan kai metir 16, nauyinsa wajen tan 45, wato buhun hatsi 450 mai kilo ɗari ɗari. Macen ba ta cika wuce metir 11 ba. Kashi ɗaya cikin uku na tsawon namijin duk kai ne, mai faɗi kamar an datse shi da gatari. Ƙwaƙwalwar da ke cikinsa ta kusa kilo 8, kimanin tiya uku ta gero, kuma babu wata dabba da aka sani da ta fi ta girman ƙwaƙwalwa. Ta ɗan Adam ba ta kai kilo ɗaya da rabi ba. Ƙofar hancinta ɗaya ce, a gaban kai wajen hagu, shi ya sa masu jiragen ruwa ke gane ta daga nesa, don feshinta ba ya miƙewa sama, karkacewa ya ke yi. Haƙoranta manya a muƙamuƙin ƙasa su ke jere, guda ɗaya ya kan kai kilo.

Abin mamakin shi ne wurin kiwonta. Tana shaƙar iska a sama, abincinta kuwa yana can ƙasa inda babu iska babu haske. Sai ta yi kamar minti goma tana numfashi, sannan ta ɗaga wutsiya ta sunkuya, ba za a sake ganin ta ba sai bayan minti 45 ko awa guda. Zuwa zurfin metir 1,000 ba komai ba ne a wurinta, an ma auna ta ta wuce metir 2,000. Mu da mu ke kiran rijiya mai gaba talatin da zurfi, mu lissafa: metir 1,000 ya haura gaba ɗari biyar.

Masu ginin rijiya sun san ƙuncin ƙasa, amma ruwa yana da wani abu da rijiya ba ta da shi, wato nauyi. Duk metir goma da aka sauka, ruwa yana ƙara danniya daidai da ta dukan iskar da ke bisa kanmu. A metir 1,000, kowane wuri a jiki mai faɗin farcen yatsa yana ɗauke da nauyin buhu guda mai kilo ɗari. To yaya ƙirjinta ba ya fashewa? Domin ba ya gardama da ruwan. Haƙarƙarinta yana da sassauci, yana lanƙwashewa, huhun ya motse har ya zama kusan babu iska a ciki. Tanadin numfashinta ba a huhu ya ke ba. Sashen iskar da rai ke buƙata, wanda masana ke kira oksijan, tana ajiye shi a cikin jini da tsoka, shi ya sa namanta ya ke da duhu har ya kusa zama baƙi. Bugun zuciyarta ya ragu, jini ya janye daga gaɓoɓin da za su iya jira, ya koma ga ƙwaƙwalwa da zuciya. Da ta dawo sama huhun ya sake buɗewa, ta huta kaɗan ta koma. Haka ta ke yi dare da rana. Barcinta ma ɗan kaɗan ne, minti goma zuwa sha biyar a lokaci guda, kuma a tsaye ta ke yin sa cikin ruwa. An ga garke guda suna rataye shiru kamar ginshiƙai.

Hasken rana yana raunana tun daga metir 200, idan aka kai 1,000 babu sauran ɗigonsa. Saboda haka da kunne ta ke farauta, irin yadda jemage ke yi. Cikin wancan babban kai akwai rumbun wani mai da ya kan kai litir 1,900, sama da duro tara. Tana yin wata ƙara mai kama da ƙwanƙwasa ƙofa, ƙarar ta ratsa man ta fita gaba a tattare, ta bugi abin da ke gabanta ta dawo. Daga amsa-kuwwar ta ke sanin nisan abu da inda ya nufa. Idan ta kusa cim masa sai ƙwanƙwasar ta yi sauri har ta koma kamar kukan tsohon ƙyaure. Wannan ƙara tana cikin mafi ƙarfin sautin da aka taɓa aunawa daga wata dabba.

Me ta ke bi a can? Wata halitta ce marar ƙashi, mai laushin jiki, Larabawa su ce habbar, Faransawa su ce kalmar, mu kuwa bari mu kira ta mai-hannu-goma, don hannuwa takwas gare ta da wasu dogaye biyu na cafka, duk kewaye da baki. Zuciyarta uku, jininta shuɗi ne. Yawancin waɗanda dabbar anbar ke ci ƙanana ne, tana haɗiye abin da ya kusa tan guda a yini. Amma akwai ƙatuwar cikinsu da ta kan kai metir 12, idonta ya kai faɗin faifai. Shekaru aru-aru ba a san ta ba sai ta gawarta da kuma tabon da ta ke bari, don ana samun zane-zane masu da'ira a fatar kan dabbar anbar, alamar inda hannuwan suka manne lokacin kokawa. Sai a shekara ta 2004 wani masani ɗan Japan, Tsunemi Kubodera, da abokin aikinsa suka ɗauki hotonta da rai a zurfin teku, kuma sun nemo ta ne ta hanyar zuwa inda dabbobin anbar ke kiwo.

Daga wannan abinci turaren ya ke fitowa. Kusan duk jikin mai-hannu-goma yana narkewa, amma banda bakinta, wanda ke da tauri da kaifi kamar na aku. Galibi dabbar tana amayar da waɗannan bakuna. A cikin kaɗan daga cikinsu, wajen ɗaya cikin ɗari, bakunan su kan wuce zuwa hanji, sai jiki ya lulluɓe su da wani abu mai maiƙo, ya dunƙule yana girma shekara da shekaru. Ranar da ya fito baƙi ne, mai laushi, mai wari. Sai ya yi ta yawo bisa ruwa, rana da gishiri suna aiki a kansa, har ya taurare, ya koma toka-toka, warin ya juye ƙamshi. Darajarsa wurin masu haɗa turare ita ce yana riƙe ƙamshin sauran ya daɗe a jiki. A shekara ta 2021 wasu masunta 35 a Yaman suka jawo gawar dabbar a mashigin tekun Adan, suka tsaga ta suka tarar da dunƙule mai kilo 127, aka saye shi dalar Amurka miliyan ɗaya da rabi, sama da miliyan 800 na kuɗin sefa. Wanda ya ji wannan farashi ya san cewa ƴar kwalbar da a ke miƙo masa a kasuwa da sunan anbar a kan jika guda haɗin masana'anta ce. Ba laifi ba ne a saye ta, laifin yana ga mai rantsuwa cewa daga teku ta fito. Haka kuma ruwan-zuman dutsen nan da a ke yin tasbaha da shi, wanda shi ma wasu ke ce wa anbar, ƙaron itatuwa ne na zamanin da, ba ruwansa da wannan dabba.

A nan akwai wata magana da ta shafe mu masu wa'azi. Idan aka zo ƙissar Annabi Yunusa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wasu su kan kawo labarin wani Bature mai suna James Bartley, wai dabbar anbar ta haɗiye shi a 1891 aka tsaga cikinta aka fitar da shi da rai. Gaskiya ne maƙogwaronta yana da faɗin da mutum zai wuce. Amma wani masanin tarihi ɗan Amurka, Edward Davis, ya bi diddigin labarin, ya tarar jirgin da a ke ambata ba na farauta ba ne, babu mai wannan suna cikin ma'aikatansa, matar shugaban jirgin ma ta taɓa rubutawa cewa ba a yi haka ba. Alƙur'ani bai ambaci nau'in kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa ba, kuma ƙissar ba ta jiran shaidar wani. Mu daina kawo wannan labari.

Zamansu na dangi ne. Mace tana ɗaukar ciki wata 14 zuwa 16, ta haifi ɗa guda mai metir huɗu da nauyin tan, ta shayar da shi shekara biyu ko fiye. Da ya ke jaririn ba ya iya bin ta zuwa ƙasa, iyaye mata da ƴan uwansu ba sa nutsewa gaba ɗaya, ana barin wata a sama tana raino. Idan maƙiyi ya taso su kan yi da'ira, kawuna ciki wutsiyoyi waje, ƙananan a tsakiya. Maza kuwa da sun girma su ke barin gida su nufi ruwan sanyi. Su kan kai shekara 70.

Wannan jinkirin haihuwa shi ya sa ɓarnar da mutum ya yi musu ta yi wuyar gyaruwa. Tun ƙarni na 18 jiragen Amurka da Ingila ke bin su saboda man kansu da kitsensu, da su a ke kunna fitilu a ke yin kyandir kafin kananzir ya bayyana. Ba kullum farautar ke tafiya yadda a ke so ba: a 1820 wani babban namiji ya tunkuyi jirgin Essex a tekun Pasifik har ya nutsar da shi. Sai dai kisan da ya fi muni ya zo ne daga baya, lokacin jirage masu inji da mashin da a ke harbawa da bindiga. Cikin ƙarni na 20 kaɗai an kashe sama da 700,000, ana zuba mansu a injuna. Sai a 1986 dokar ƙasashen duniya ta dakatar da farautar manyan dabbobin teku don kasuwanci ta fara aiki.

Yau mashi ya ragu, wani abu ya maye gurbinsa, kuma shi kam mun san shi sarai. A 2018 an tsinci gawar wani matashin namiji a gaɓar ƙasar Sipaniya da kilo 29 na leda da buhuna da igiyoyi a cikinsa. A 2019 aka sami wani a tsibirin Harris na ƙasar Sikotilan, dunƙulen shara mai kilo 100 a tumbinsa. Dabbar da ke gani da kunne tana iya ruɗuwa, don masu bincike sun auna sun tarar amsa-kuwwar leda cikin ruwa tana kama da ta abincinta. Yawancin wannan shara daga tudu ta ke tasowa, ruwan sama ya kwashe ta zuwa magudana, magudana ta miƙa wa kogi, kogi ya miƙa wa teku, kuma kogin da ya ratsa Yamai a tekun Atilantika ya ke ƙarewa, inda waɗannan dabbobi ke kiwo. Ku tambayi kowane mahauci a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa abin da ya ke cirowa daga tumbin akuyar da ta rame alhali cikinta a kumbure. Shi ne abin da aka ciro daga cikin waɗannan biyu.