Amon Wufa a Cikin Akwati Yake: Jan Hankali ga Direbobi da Kafintocin Zurmi

Duk wanda ya saba zama a tashar motar Zurmi, ko ya bi hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi ranar kasuwa, ya san yadda matasan direbobinmu suka ɗauki kayan sauti da muhimmanci. Tun kafin ka hango mota za ka fara jin gurnaninta. Amma in ka kasa kunne da kyau, galibin abin da ake kira bes ɗin nan karkarwar murfin but ce da kukan lambar mota. An sayi babbar sifika, wadda ake ce wa wufa, da kuɗi masu yawa, an kai wa kafinta ya ƙwanƙwasa mata akwati da ido, an jefa a but. Bayan 'yan watanni ta yage, a sake komawa kasuwa. A ganina asarar nan daga akwatin take, kuma maganinta bai wuce tef ɗin awo da ɗan lissafi ba.

Mutanen wannan yanki ba baƙin kiɗa ba ne. Daga Tubali Ibrahim Narambaɗa ya fito, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, kuma har yau amon kotsonsa na tashi a motocin haya. Masassaƙin da ke yin kotso ko kalangu ya san fata ita kaɗai ba ta magana. Faɗin ramin da ya rarake a cikin icen da kaurin bangonsa su ne ke ba ganga murya. Shi ya sa tambari mai babban ciki ke yin amo mai kauri, kanzagi kuwa muryarsa siririya ce. Wufa ita ce fata, akwati shi ne icen.

Dalilin kuwa shi ne, a duk lokacin da fuskar wufa ta tura iska gaba, bayanta janyo iska yake yi. Sauti na tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa guda, don haka igiyar amo mai kauri da ke kaɗawa sau 40 a daƙiƙa ta kai tsawon mita takwas da rabi, kusan ninki biyu na tsawon motar Golf. Igiya mai tsawo haka, in babu shamaki, iskar gaba sai ta zagaya gefe ta cike gurbin da baya ya bari, su kashe juna. Aikin akwati shi ne raba su. Saboda haka duk wata ɓaraka a jikinsa, komai ƙanƙantarta, kofa ce da amon ke tsiyayewa.

Akwatin iri biyu ne aka fi sani. Akwai rufaffe, wanda Edgar Villchur ya fito da salonsa na zamani a Amurka a 1954, inda iskar da aka kulle a ciki ke riƙe fuskar sifika kamar matashi. Akwai kuma mai bututu, wanda Albert Thuras ya nemi rajistarsa a 1930. Shi wannan yana aiki ne kamar yadda kwalba ke kuka in an hura bakinta. Ya fi ƙara, amma faɗin bututun da tsawonsa sai sun dace da girman akwatin. Injiniya Neville Thiele na Ostireliya ya shimfiɗa lissafin a 1961, Richard Small ya faɗaɗa shi bayan shekara goma da ɗoriya, kuma daga aikinsu ne kamfanoni ke samo girman akwatin da suke rubutawa a takardar da ke cikin kwalin wufa. Ita wannan takarda ita ce abu na farko da muke yarwa.

Ga motocinmu na haya ni rufaffen nake ba da shawara. Ƙarami ne, zai bar wa buhunan gero da wake wuri. Ƙurar hunturu da ɓeraye ba su da hanyar shiga. Yana kuma yafe ɗan kuskuren awo, alhali mai bututu in aka saɓa lissafinsa, a ƙananan amo sai wufa ta riƙa lilo ba mai riƙe ta har ta tsage.

Lissafin ba shi da wuya. A auna tsawo da faɗi da zurfin cikin akwatin da santimita, a ninka su, a raba da 1,000, amsar ita ce lita. Wufa mai inci 12 yawanci tana son lita 28 zuwa 40 a rufaffen akwati. Ciki mai santimita 40 da 35 da 25 zai ba da lita 35. To ga inda ake tuntuɓe: in kafinta ya ɗauki waɗannan alƙaluma a matsayin awon waje, kuma katakon mai kaurin milimita 18 ne, abin da zai rage a ciki bai cika lita 25 ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi, tun ba a cire gurbin da ita kanta wufar ke ci ba. Sai mai mota ya ji amon ya bushe, ya ƙara murɗa rediyo, ya ɗora laifin a kan ɗan kasuwa.

Sauran aikin kafintocinmu sun fi ni saninsa. Katako mai kauri ake nema, MDF ko fale-falen katako mai inganci. Shi MDF ba ya shiri da ruwa, don haka but ɗin da ke ɗaukar jarkoki ya fi dacewa da na biyun. A sa gam a kowane haɗi, a ɗaure da ƙusa mai zare, a tokare bangwaye daga ciki, a liƙe ramin da waya ta bi. A ƙarshe a ɗaure akwatin a jikin mota, domin ranar taka birki na gaggawa shi ma dutse ne a bayan fasinja. Mai rewaya kuma ya sa waya mai kauri da fis kusa da batir, domin amfilifaya mai wat 500 na gaskiya na iya jan amfiya 40 ko fiye, kuma siririyar waya gobara ce ke jiran rana.

Abin da ya fi damuna shi ne kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum na iya sauraron ƙara mai ma'aunin desibel 80 na awa 40 a mako, amma in ta kai 90 awa huɗu kacal ya rage masa, kuma matasa fiye da biliyan ɗaya na cikin haɗarin rasa ji. Direban haya kan cinye awa huɗun nan a yini guda. Ji kuwa in irin wannan ƙara ta kashe shi, ba ya dawowa. Sannan kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki saboda 'yan bindiga. A kan hanyar Zurmi zuwa Ƙaura ko Gurbin Ɓaure, kunnen direba mai gadin ransa ne da na fasinjojinsa: hon ɗin abokin aiki da ke gargaɗi, ihun mutumin gefen hanya, kiran waya daga tasha. Akwatin da aka auna daidai yana fitar da kaurin kotso ko da an rage murya, mara kyau kuwa sai an ƙure shi. Hausawa sun ce ganga in ta cika zaƙi fashewa za ta yi.

Ina kira ga ƙungiyoyin kafintoci da na direbobi su nemi haɗin kan Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, a shirya wa yaran shago bita ko da ta yini biyu ce a kan wannan lissafi. Sana'a ce da ake biyan kuɗinta yanzu haka, kuma yaron da ya iya auna lita a akwatin wufa ya iya auna ta a tankin ruwa da rumbun hatsi. Allah Ya tsare mana hanyoyinmu, Ya sa albarka a sana'o'in matasanmu.