Ido lafiya lau, amma yaro ba ya gani

A Babankatami, kamar sauran garuruwan Adar daga Madawa zuwa Buza da Keita, in aka ce makanta, hankali kan tafi ga amodari ko yanar ido. Amma akwai wata makantar da likita zai duba ido ya tarar babu aibu. Takan sami yaron da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa masa ƙwaƙwalwa a lokacin damina.

Dalili shi ne ido ɗaukar haske kurum yake yi. Wurin da ake fassara hasken yana can ƙeya.

Tun 1896 Bafaranshe d'Arsonval ya lura cewa mutumin da ya sa kansa cikin ƙarfin maganaɗisu yakan ga walƙiya. A 1985 Anthony Barker na Sheffield, a Ingila, ya ƙera na'urar da ke aika wannan ƙarfi cikin ƙwaƙwalwa ba tare da fiɗa ba. A 1989 Vahe Amassian, a Amurka, ya riƙa nuna wa mutane haruffa, sa'an nan ya kunna na'urar a ƙeyarsu bayan kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Idanunsu a buɗe, amma haruffan suka ɓace musu.

Abin da ya fi ban mamaki ya zo a 1997: da aka yi wa waɗanda suka makance tun suna ƙanana, sai karatun da suke yi da yatsa ya rikice. Ashe ƙeyar ba ta zauna banza ba.

Yaran zazzaɓin kuwa, da yawansu ganinsu kan dawo cikin makonni ko watanni, shi ya sa bai kamata iyaye su yi saurin fid da rai ba, balle su daina kai su likita.