Kula da Jariri a Kwana Bakwai Kafin Ranar Suna

A garuruwa da ƙauyukan ƙananan hukumomin Boɗinga da Shagari, da zarar an sami ƙaruwa, hankalin iyali yakan koma kan ragon suna da karɓar 'yan barka. Muna tunatar da jama'a cewa a cikin wannan mako na farko ne rayuwar jariri ta fi fuskantar haɗari.

Cibiya babbar ƙofa ce ga cuta. Sanya mata toka ko gasa ta da tsumma marar tsabta kan jawo ruɓewa da cutar sarƙewar haƙora. Saboda haka ne a shekarar 2013 Jihar Sakkwato ta fara rarraba maganin shafa wa cibiya mai suna Chlorhexidine har cikin ƙauyuka.

Haka kuma kada a zubar da dakashi, wato nonon farko, domin yana ɗauke da kariya daga cututtuka. A kai jariri asibiti mafi kusa domin allurar rigakafin tarin fuka da ta ciwon hanta, da ɗigon shan inna, ba sai an jira suna ba.

Muna kira ga hakimai, limamai da ungozomomi da su isar da wannan saƙo ga magidanta.