Mece Ce Gasar NUGA, Kuma Me Ya Haɗa Ta da Kyawun Jami'a?

NUGA ƙungiya ce da ke shirya wasanni tsakanin jami'o'in Najeriya. An buga gasar farko a Ibadan a 1966, lokacin jami'o'in ƙasar biyar ne kacal, ciki har da ta Ahmadu Bello da ke Zariya. Ana fara tankaɗe da rairaya a shiyyoyi, sannan waɗanda suka tsallake su hallara a jami'ar da ta karɓi baƙunci, kamar yadda Jami'ar Legas ta yi a 2022.

A nan ne gardamar kyau take tasowa, domin ɗalibai suna kwana a harabar wasu, su dawo da labari. Jami'ar Ife tana tinƙaho da gine-ginen da Arieh Sharon ya zana a gindin duwatsu, Legas da bakin ruwanta, harabar Ahmadu Bello da ke Samaru kuwa da dogon ginin majalisar jami'a da inuwar tsofaffin itatuwa.

Ga ɗan ƙasar Haɗeja, alal misali, zancen kyawun nan ya shafi Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, da ta Tarayya a Dutse, ta 2011. Dukansu sabbin shiga ne, itatuwansu ba su gama tasawa ba. A yankin da zafin bazara ke gasa fili, damina kuma ta zo da ambaliya, inuwa da magudanar ruwa su ne ma'aunin kyau na gaskiya, sun fi fenti muhimmanci ga ɗan wasa.