Wayar da Ta Tsinke a Cikin Rigarta: Gyaran Sigina a Tsohuwar Fijo 504

Kawuna yana da Peugeot 504 fara, harhaɗin Kaduna, wadda ya fi shekara talatin yana hawa. Injinta lafiya lau, giyarta na shiga ba gardama, amma a daminar bara siginar hagu ta soma yi masa wasa da hankali. Yau ta kama, gobe ta ƙi. Idan mota ta faɗa rami sai ta farfaɗo, a yi ɗan nisa ta sake ɗaukewa. Sau biyu ana canja ƙwan fitila, sau ɗaya fis, duk a banza. Ranar da wani mai babur ya kusa shigewa ƙofarsa a shataletale, don bai ga alamar za a karya kwana ba, ranar ce Kawu ya miƙo mini makulli ya ce in kai ta wurin mai rewaya, kada in dawo sai an gano ciwon.

Wannan mota tana da tarihi a wurinmu. A 1968 aka fara fito da ita a Faransa, shekarar da ta biyo baya ta ci kambun motar shekara ta Turai, kuma a 1975 kamfanin Peugeot na Najeriya ya buɗe masana'antarsa a Kakuri, Kaduna, inda aka ci gaba da harhaɗa 504 har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa. Ita ce ta ɗauki manyan ma'aikatan gwamnati, ita ce kuma ta yi jigilar fasinja daga Kano zuwa Maraɗi. Waɗanda suka rage a hannun mutane yanzu, ƙarfensu ya jure, amma wayoyinsu sun tsufa. Robar da ke lulluɓe da waya ba ta son zafi, ba ta son mai, ga shekaru. Sai ta bushe ta yi tauri, ta soma tsagewa.

Mai rewayar da na samu dattijo ne, a gindin wata dalbejiya yake aiki. Da na gama bayani bai taɓa ko filaya ba. Ya ce, “Malam, kunna mini ta dama tukuna.” Na kunna, ta yi ƙas-ƙas ɗinta daidai. Ya ce, “To, fis ya fita daga zargi, filasha ma haka.” A nan na fara gane cewa rabin aikin tunani ne.

Hanyar wutar sigina gajera ce. Wuta na tasowa daga batir mai bolt 12, ta ratsa fis, ta shiga filasha, daga nan ta je makunnin da ke jikin sitiyari. Makunnin ne ke raba ta: ko hagu ko dama. Sai ta bi waya zuwa ƙwan gaba da na baya, ta koma batir ta jikin ƙarfen motar, wanda masu rewaya ke kira at. Tun da fis ɗaya da filasha ɗaya ne ke ciyar da ɓangarorin biyu, idan dama na aiki hagu ba ta yi, to ciwon yana daga makunni zuwa gaba.

Filashar tsofaffin motoci abin sha'awa ce, domin babu kwamfuta a cikinta ko kaɗan. Ɗan siririn ƙarfe ne da wutar da ke ratsawa ke ɗumama shi. Idan ya yi zafi sai ya motsa, mahaɗin wuta ya canja zama. Ya huce ya koma. Wannan kai-komon ne ƙiftawar da muke gani, shi ne kuma ƙas-ƙas ɗin da muke ji. Ƙa'idar da ƙasashe da yawa ke bi ita ce ƙiftawa 60 zuwa 120 a minti ɗaya. Kowane ƙwan sigina wat 21 ne, biyun gaba da baya suna jan kimanin amfiya uku da rabi, kuma da wannan nauyin aka auna filashar. Ƙwai ɗaya ya mutu ko wayarsa ta katse, nauyin ya ragu da rabi, sai bugun ya canja: wata filashar ta riƙa sauri kamar zuciyar wanda ya yi gudu, wata kuma fitilar ta tsaya tana ci ba ƙiftawa. Direban da ya san motarsa yana iya jin ciwon da kunne tun daga kujerarsa. Wannan ne ma dalilin da ya sa masu saka wa tsohuwar mota sababbin ƙwayayen LED ke shan mamaki: ba sa jan wutar da za ta ɗumama ƙarfen, don haka sai an canja filashar zuwa ta zamani.

Sunan da direbobinmu ke kiran wannan fitila, tirafiketa, ya girmi ƙiftawar kanta. Asalinsa wani ɗan hannu ne mai fitila da ke miƙowa daga gefen mota, irin wanda tsofaffin Volkswagen da motocin Ingila suka yi amfani da shi har wajen 1960. Hannun ya tafi, sunan ya zauna.

Dattijon ya ɗauko kayan gwajinsa: ƙwan fitila ɗaya da aka ɗaura wa waya biyu, ɗaya da ɗan maƙali a bakinta, ɗaya da tsinin allura. Ya maƙala ta farko a jikin mota, ya riƙa dangwala tsinin a mahaɗai. A bayan fitilar gaba, babu wuta. A ta baya, babu. Ya kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya dangwala a bakin makunni, ƙwan ya ƙifta. Ya gangara ƙasa zuwa soket ɗin da ke haɗa wayoyin makunni da babban damin wayoyin mota, shiru. Tsakanin wuraren biyu bai fi taƙi ɗaya ba. Wani abin da ke taimaka wa mai bin sawu a Peugeot shi ne wayoyinta lamba ake buga musu a kusa da baki, ba launi kaɗai ake dogara da shi ba, don haka wanda ya goge dattin ya karanta lambar ba zai kama wayar ham a madadin ta sigina ba.

Ga ido wayar ƙalau take, ko ƙwarzane babu. Ya kama ta da yatsu biyu yana bi yana lanƙwasawa a hankali, ni kuma ina kallon fitilar. Da ya iso wani wuri sai ta kama. Ya ɗan ja, robar ta miƙe kamar danƙo ta sirance. Ya ce, “Ga ta nan. Riga ce kawai, babu kowa a ciki.” Da ya yanka, silin tagulla biyu kacal suka rage a haɗe, sauran sun karye, bakinsu ya yi kore. Tagulla tana da wannan hali: a yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya, sai ta yi tauri, daga tauri sai karaya. Girgizar shekaru da kai-komon makunni sun ishe ta. Irin wannan karayar ta fi yawa a inda waya ke motsi ko gogar ƙarfe: gindin sitiyari, ramin da dami ke ratsawa zuwa ɗakin inji idan zoben robarsa ya cinye, da bayan fitilu inda ruwa ke kwanciya.

A nan ne gyara ke rabuwa gida biyu, kuma ina da ra'ayi a kai. Abin da aka saba gani a garejinmu shi ne a fere bakin waya da haƙori, a murɗe, a naɗe da baƙin salatif, a karɓi kuɗi. Ko kuma a ƙyale neman ciwon gaba ɗaya, a jawo sabuwar waya daga ko'ina a ratsa ta ƙarƙashin kafet. Mota za ta bar gareji tana ƙiftawa, ba shakka. Amma zafin Afrilu yana narkar da gam ɗin salatif, murɗin ya saki, ya soma ɗaukar zafi, ko ya taɓa ƙarfe. Idan kuma wani ya riga ya naɗe fis da takardar sigari ko silin waya don kada ya sake ƙonewa, to babu abin da zai katse wutar sai damin wayoyin ya kama. Fis da ke yawan ƙonewa ƙara yake kawowa cewa waya na taɓa jiki a wani wuri. Toshe masa baki ba magani ba ne.

Dattijon ya fara cire kan batir na at. Ya yanke ruɓaɓɓen wurin har ya tarar da tagulla mai sheƙi a kowane gefe, ya kawo guntuwar waya mai sili-sili, kaurinta ɗaya da ta asali. Wayar gida mai sili ɗaya ba ta yi a mota, girgiza za ta karya ta. Ya zura bututun roba mai tsukewa tun kafin ya haɗa, ya saƙa bakunan, ya ɗiga dalma kaɗan. Ya ce in ta yi yawa sai ta bi silin ta sandarar da wayar, nan gaba ta karye a gefen ɗinkin. Wasu ƙwararrun ma sun fi son maƙalin da ake matsewa da filayarsa ta musamman saboda wannan dalili, kuma duka biyun suna riƙewa idan hannun ya iya. Ya ɗumama bututun ya kama wayar tsam, ya bar mata ɗan sassauci, ya ɗaure ta a jikin dami yadda ba za ta sake lilo ba.

Na ɗauka an gama. Ya mayar da kan batir, ya ce in kunna hagu in taka birki. Sai ga fitilun baya suna rawa tare, sigina ta dushe, ta birki na ƙiftawa a madadinta. Wannan ciwo na biyu ne, kuma shi ya fi yawa a tsofaffin motoci: at ɗin fitilar baya ya yi tsatsa, wuta ta rasa hanyar komawa batir, sai ta kutsa ta cikin ƙwan birki. Ya kwance ƙusa ɗaya, ya goge wurin da samfefa har ƙarfe ya yi fari, ya ɗaure, ya shafa ɗan giris don ruwa. Rawar ta tsaya.

Duka aikin bai kai awa biyu ba, kuma fiye da rabin lokacin a nema ya tafi. Kafin in tashi ya sa na juya motar ta fuskanci katangar da ke gefensa, ya nuna mini hasken ruwan lemo yana bugun bango, hagu sannan dama, ya ce haka Kawu zai riƙa dubawa da asuba in babu wanda zai tsaya masa a waje. Na biya shi, na ɗauki guntuwar wayar da ya yanke na sa a aljihu don in nuna wa Kawu.